Wa Ke Wanke Rigarka, Kamarad?

Ranar Alhamis da ta wuce, a zaman ƙungiyarmu na ƙarƙashin dogon yaro, an yanke wa wani littafi hukunci cikin minti goma. Mu goma sha huɗu ne a wurin. Da na tambayi wa ya karanta shi har ƙarshe, hannu biyu suka tashi, ɗaya nawa ne. Sauran goma sha biyun kowa ya zo da ra'ayinsa a aljihu, sabo fil, kamar wanda ya sayo shi a bakin hanya.

Littafin shi ne Walden na Henry David Thoreau, fassarar Faransanci ta Louis Fabulet ta 1922, wadda muka haɗa kuɗi muka yi fotokofinta, shafi biyu a fuska ɗaya, har rubutun ya koma kamar sawun kiyashi. Mu dai Toro muke ce masa, kamar toron agwagwa, kuma sunan bai yi wa mai zama bakin tafki laifi ba. Ba a kai ga buɗe shafin farko ba wani kamarad na sashen falsafa ya ɗaga wayarsa ya ce: "Kun san mutumin nan da ya ce ya tafi daji, uwarsa ke yi mai wanki?" Aka kwashe da dariya. Shi ke nan, aka rufe zance, aka zuba shayi na biyu.

Ban tanka ba a lokacin. In mace ta ɗaga murya bayan maza sun gama dariya, sai a ce ba ta san wasa ba. Shi ya sa na rubuto, don takarda ba a katse ta.

Ga abin da ya faru, saboda mutum goma sha biyun nan. Ranar 4 ga Yuli 1845, wani saurayi ɗan garin Concord a jihar Massachusetts ta Amurka, yana gab da cika shekara 28, ya tare a ɗakin katako da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden. Filin na abokinsa ne, Ralph Waldo Emerson. Gatarin ma aro ya yi. Ɗakin wajen mita 3 ne a faɗi, 4 da rabi a tsawo, ya ci masa dalar Amurka 28 da ƴan canji, ya kuma rubuta kuɗin kowane ƙusa. Ya noma wake a fili kamar eka ɗaya irin tamu ta hekta, ya zauna shekara biyu da wata biyu da kwana biyu, ya fito a Satumba 1847. Littafin bai fito ba sai 1854, bayan ya sha gyara. Yayansa John ya rasu a 1842, kuma a ɗakin nan Thoreau ya rubuta littafinsa na farko, kan tafiyar jirgin ruwa da suka yi tare. Wato mutum ne mai ɗauke da rashi ya nemi wurin da zai zauna ya yi rubutu. Wannan ba ya cikin saƙon da ya zo a wayar kamarad.

Bari in fara sallamar abokin ɗaga hannuna, wanda ya karanta ya kamu. Shi cewa ya yi da ya gama lisansi zai jefar da waya, ya koma ƙauye, ya yi bukka. Ganin kitse yake yi wa rogo. A Yamai aka haife shi, bai taɓa ɗaukar bido a ka ba. Ya zo garinmu ya yi watan Afrilu guda, ya ja guga a rijiya mai gaba talatin, sannan mu yi magana. Thoreau tafki ne a ƙofar ɗakinsa, jirgin ƙasa na wucewa ta gefen ruwan, garinsu kuma bai kai kilomita 3 ba. Na gama da wannan, Allah ya ba shi lafiya. Da masu dariya nake.

Asirin da kamarad ya tona, mai littafin ne ya fara tona shi. A babin farko, inda ya jera abin da ya kashe, ya faɗa da kansa cewa wanki da ɗinki yawanci a waje ake yi masa. Ya faɗa yakan ci abinci a gidajen mutane wani lokaci. Akwai babi sukutum kan yadda yake taka ƙafa zuwa gari kusan kullum ko bayan kwana biyu don ya ji tsegumi, da wani babin kan baƙi, inda ya ce an taɓa taruwa mutum ashirin da biyar ko talatin a ɗan ɗakin nan. Bai taɓa cewa ya shiga Tenere ba. Wanda ya kama mutum da abin da mutumin ya rubuta da hannunsa a shafukan farko, abin da ya nuna mana kawai shi ne bai kai shafukan ba.

Matan gidan kuma da ake yi wa kukan tausayi, da an tambaya da an ji su waye. Uwarsa Cynthia da ƴan uwansa mata suna cikin ƙungiyar matan Concord masu yaƙi da bauta, gidansu kuwa ya ɓoye bayin da suka gudo suna neman Kanada. Shi ma ya yi wa gidan aiki: masana'antar fensir gare su, shi ya gyara yadda ake haɗa bakin fensirin har nasu ya yi suna. Gida ne da kowa ke ɗauke wa wani wani abu, irin gidajenmu.

To amma a ce ma haka ne, uwarsa ta wanke masa riga. Kamarad, wa ke wanke taka? Na ga farar rigar da ka zo da ita ran Alhamis, karin guga kamar wuƙa. Mun san ranar Juma'a kake haye gadar Kennedy da jaka cike, ka kai gidan gwaggonka, inda wata yarinya da aka ɗauko daga ƙauye, wadda ba a sa ta lakwal ba, za ta durƙusa a kansu. Ba kai kaɗai ba, ban ware ka don ƙiyayya ba. Rabin waɗanda suka yi dariya haka suke. Ni tun ina shekara tara nake wanke kayan yayyena maza uku, biyu daga cikinsu sun yi jami'a, ba wanda ya taɓa cewa takardar shaidarsu ta ɓaci don ƙanwarsu ce ta wanke wandon da suka shiga jarrabawa da shi. Laifi tudu ne. In wankin mata na soke tunanin namiji, to mu kwashe laburaren fakulte gaba ɗaya mu kai bola, mu fara da naka sashen.

Mu fara ma da Rousseau, wanda kuke haddace wa Contrat social kamar karatun allo. Shi ma yana da littafin kaɗaici, Les Rêveries du promeneur solitaire, da aka buga a 1782 bayan mutuwarsa, inda yake tuna ƴan makonnin da ya yi a tsibirin Saint-Pierre a 1765 yana kwance cikin kwalekwale yana kallon sama. Matar da ta zauna da shi fiye da shekara talatin, Thérèse Levasseur, mai wanki ce a masaukin da ya sauka a Paris. Ta haifa masa ɗiya biyar, duk ya kai su gidan marayu. Ban taɓa jin ɗayanku ya ɗaga waya a anfi ya ce a rufe Rousseau ba. Shi yana cikin jarrabawa, Thoreau ba ya ciki. Iyakar bambancin ke nan. Tausayin mata bai tashi ba sai ranar da ya zama hanyar kuɓuta daga karanta shafi ɗari uku.

Akwai wanda ya yi magana mai nauyi a zaman, ita ce ta hana ni barci. Wani ɗan uwa daga arewacin Dakoro, wanda ba ya yawan magana, ya ce: "Mu da munka tashi cikin rashi, mi wanga zai koya muna? Shi wasan talauci ya yi shekara biyu ya koma gida. Mu gado munka yi." Shi ma bai karanta ba, amma ya harbi wuri mai kyau cikin duhu, kuma zan ba shi harsashin da ya fi nasa.

A babin da ake kira Baker Farm, ruwan sama ya kama Thoreau ya fake a bukkar wani baƙo ɗan ƙasar Ayalan, John Field, mai aikin ƙodago, yana yi wa wani manomi kaftun fadama a kan dala goma kowace eka, da matarsa da ƴaƴa, rufin ɗakin na yoyo. Me baƙon da aka ba mafaka ya yi? Ya zauna ya yi musu lacca. Ya ce shi ba ya shan shayi ko kofi, ba ya cin man shanu ko nama, don haka ba ya buƙatar wahalar neman kuɗinsu. Su ma su yi haka su huta. Gwauro ne mai takardar Harvard, a filin abokinsa, ke gaya wa mai iyali, wanda ke wuni cikin taɓo, ya rage ci. Da ya fito kuma ya rubuta su da raini, kamar talaucinsu a jini yake. Na karanta shafukan nan raina ya ɓaci, don na san muryar. Na taɓa ganin mutum ya sauko daga mota mai sanyi a garinmu ya tara mata yana koya musu tattali, innata na zaune a gaba, matar da ke raba tiya ɗaya ta hatsi ta kai kwana uku. A nan Thoreau ya faɗi, ba kuma zan ɗaga shi ba. Ga tuhumar da ta cancanci zaman Alhamis, da mun yi awa biyu a kanta. Sai dai ba a samun ta a waya, sai an kai tsakiyar littafin.

Duk da haka ɗan uwana na Dakoro, ka yi kuskure wuri ɗaya. Tun a shafukan farko mutumin ya ce watakila ɗalibai matalauta ne suka fi dacewa da littafin. Har lissafi ya yi: kuɗin hayar ɗakin ɗalibi a jami'arsu dala talatin ne a shekara, ya fi abin da ya kashe ya gina ɗaki nasa na kansa. Waɗanda ya fi caccaka kuwa maƙwabtansa ne masu gonaki da bashi, waɗanda suka gaji dukiya ta zame musu kaya. Da ɗalibi yake magana, yana ce masa ka duba da kyau kafin ka sa wuyanka inda waɗancan suka sa nasu.

Wani ɓangare na rigimar nan laifin harshe ne, kuma a nan ku yi mini haƙuri, abin da nake karanta ke nan. Duk zaman, "vie simple" muke juyawa muna cewa "rayuwa mai sauƙi". Ku saurari kalmar sauƙi a bakin Bahaushe. Maras lafiya ya ji sauƙi. Hatsi ya yi sauƙi a kasuwa. Aikin nan da sauƙi. Duk inda ta shiga, nauyi ne ya ragu ba tare da ka yi komai ba. Wanda ya ji an ce Bature ya tafi daji neman rayuwa mai sauƙi, hutu zai ji, dole kuwa ɗan manomi ya yi tsaki. Abin da littafin ke nufi ya fi kusa da rage kaya, irin na matafiyi da ya zazzage buhunsa ya ga me zai iya bari. Muna da wadar zuci, muna da ƙana'a, muna da zuhudu, kowace ta fi sauƙi kusa da batun, ba wadda muka ɗauko.

Solitude ta fi wuya. Na zauna na jera kalmomin da na sani. Kaɗaici abin tausayi ne. Kewa ciwo ce. Maraici kowa ya san shi. Saniyar ware, mujiya: waɗanda jama'a ta fitar. Miskili: wanda ya fitar da kansa, ana kuma jin haushinsa. Kalmomin da na samu masu daraja, inda mutum ya zaɓi zama shi ɗaya aka ce madalla, su ne halwa da i'itikafi da uzula, dukansu aro daga Larabci, dukansu kuma a hannun malamai suke. Malam ya shiga halwa kwana arba'in, almajirai na tsaron ƙofa, ana aiko da fura. Ke ɗaliba ki zauna ke ɗaya a bayan ɗaki minti ashirin, za a zo: "Lafiya? Wa ya taɓa ki?" In kika ce ba komai, tunani kike, gobe an ce girman kai, jibi an ce a nemo mai ruƙiyya. Keɓewar da aka tanadar wa mace kuwa, ku ƙirga: kulle, jego, takaba. Ba wadda ita ta zaɓa, kuma a cikinsu ma ɗakin cike yake.

Wannan shi ne abin da ya sa na ƙi yin dariya. Mu shida ne a ɗakinmu. Ƙofa ɗaya da nake iya rufewa ba a tambaye ni dalili ba ita ce ta makewayi, nan ma bayan minti biyar ana ƙwanƙwasawa. Walden ɗin nan da asuba na karanta shi, a kan matakala, kafin layin famfo ya fara. Sai wani ya ce mini zancen zama kai ɗaya na ƴaƴan masu kuɗi ne, talaka ba ya buƙatarsa. Wa ya fi buƙatarsa? Ɗan mai kuɗi yana da ɗakinsa da makullinsa tun yana siziyem. Cewa talaka hatsi kaɗai yake buƙata, ba ya buƙatar awa guda da zai ji muryar kansa, raini ne irin na mai mota mai sanyi, ko da daga bakin ɗan talaka ya fito.

Ba zagin fada nake ba. Na san abin da fada ke yi: ita ke nemo wa mutum aiki, ita ke haɗa kuɗin asibiti, ita ke gadin unguwa da dare, ita ke haƙa kabari. Mutum rahama ne, ban musa ba. Sai dai butar shayi ɗaya ce, kofi ɗaya ke zagayawa, ra'ayi ma haka yake zagayawa. Ran Alhamis na ga mutum goma sha biyu masu hankali, waɗanda suka ci bak, sun sha ra'ayi ɗaya daga waya ɗaya, ba wanda ya ce bari in ɗanɗana da kaina. Karatun littafi mai tsawo aikin mutum ɗaya ne, ba a yin sa da gayya. Wanda bai iya zama shi ɗaya ba, ra'ayin aro zai yi ta sawa har ya tsufa, ko da ya iya faɗinsa da Faransanci mai kyau.

Abin ya wuce littafi. A Yuli 1846, yana zaune a Walden ɗin, Thoreau ya shigo gari aka kama shi don ya ƙi biyan haraji, saboda gwamnatin da ke karɓa tana kare bauta tana kuma yaƙi da Meksiko. Dare ɗaya ya kwana a kurkuku, wani ya biya masa aka sake shi. Mu da muke tuna 9 ga Fabrairu 1990 kowace shekara mun san dare ɗaya ba wani abu ba ne. Rubutun da ya fito daga daren, na 1849, Gandhi ya karanta shi a Afirka ta Kudu, Martin Luther King ya karanta shi yana ɗalibi. Abin da ya tsaya mini shi ne ba shi da kowa a bayansa ranar. Mu mun iya cewa a'a mu dubu, da tuta da waƙa, kuma abin alfahari ne. Wa a cikinmu ya taɓa miƙewa a babban taron ɗalibai, bayan an gama tafi, ya ce shi bai yarda ba? Ni ban taɓa ba. Ran Alhamis ma mutum goma sha uku kawai ne na kasa.

Wanda yake ganin duk wannan kayan Turawa ne, ya tambayi malamin unguwarsu labarin Imamu Gazali. A 1095 yana kan babbar kujerar koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ya ajiye ta, ya raba dukiyarsa ya bar wa iyalinsa abin da zai riƙe su, ya tafi Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar masallaci ya rufe ƙofa. Bayan shekara goma da wani abu ya koma koyarwa a Naisabur. A cikin Ihya'u ya sa babin zumunci da abota, ya bi shi da babin uzula, ya jera abin da ake samu a keɓewa da abin da ake rasawa. Bai ce kowa ya tafi ba, ya ce a duba halin mutum da halin waɗanda yake zaune da su. Shi ma, in an bincika, wani ne ya wanke masa rawani.

Abu ɗaya na ɗauka daga Thoreau na sa a aiki, kuma ba bukka ba ce. Yana auna tsadar abu da yawan rayuwar da mutum ya bayar kafin ya same shi. Na gwada. Ina koya wa yaran wani gida karatu da marece, sau goma sha biyu a wata, ana ba ni jika goma sha biyar. Ankon biki ɗaya da ɗinkinsa jika goma ne, wato marece takwas. Bana na yi uku. Marece ashirin da huɗu na tsaye a kan ɗiyan mutane, na dawo cikin ƙura, don kada a ce ban yi kara ba, biyu daga cikin amaren ma ba mu fi gaisuwa ba. Ba wanda ya tilasta ni sai kunya. Ku yi naku lissafin da kuɗin kiredin waya, ku ga marece nawa ne. Innata ba ta da abin ragewa, na yarda, kuma duk wanda ya je mata da littafin nan zan kore shi da muciya. Ni ɗiyarta da ke jami'a ina da shi, kai ma kamarad kana da shi. Anko na huɗu ya zo makon jiya, na ce ba zan yi ba, yanzu akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata.

Kwafin yana wurina. Shafi huɗu na babin tafkin sun fito baƙi ƙirin, injin ne, sai a yi haƙuri. Na naɗe kusurwar shafin John Field don wanda ke son ya zagi mutumin da hujja, ɗan uwana na Dakoro shi ne farko a layi. Kamarad na falsafa, kai ne na biyu in kana so. Ka karɓa ran Juma'a kafin ka haye gada, ka sa shi cikin jakar wankin.